Jan ƙarfe da launin gashi: abin da ya haɗa mutum da saniya, da inda suka rabu

Ɗan'uwa, ka ce baƙar saniyarka ta fara komawa ja, an gaya maka ƙarancin sinadarin jan ƙarfe ne, kai kuma ga furfura ta fito maka tun ba ka kai arba'in ba, shi ne kake tambaya ko ciwonku ɗaya, ko kai ma ka nemi ƙwayar jan ƙarfen ka sha. Game da saniyar, mai yiwuwa sun faɗi gaskiya. Game da kai, da wuya.

Tushen abin ɗaya ne. Launin gashi, na mutum ko na dabba, daga sinadarin melanin yake, kuma jiki ba ya iya haɗa melanin sai da wani sinadari mai suna tirosinas, wanda ba ya aiki sai da jan ƙarfe a cikinsa. In jan ƙarfe ya yi ƙaranci, gashin da zai tsiro sai ya fito a koɗe.

Baligi yana buƙatar maikurogiram 900 a rana, wato bai ma kai miligiram ɗaya ba, mai shayarwa kuma 1,300. Hanta, wake, gyaɗa da hatsin da ba a surfe ba duk suna ɗauke da shi, kuma hanjin mutum yana tsotse kaso mai yawa na abin da ya ci. Saboda haka mai cin abinci kala-kala ba kasafai yake rasa shi ba. Waɗanda ake samu da ƙarancinsa yawanci ko an yi musu tiyatar rage ciki, ko suna da ciwon hanji da ke hana tsotsar abinci, ko sun daɗe suna shan ƙwayar zink fiye da kima, domin zink yana tare wa jan ƙarfe hanya a hanji. Su ɗin ma ba furfura ce ke kai su asibiti ba. Ƙarancin jini ne, da raguwar fararen ƙwayoyin jini, da mutuwar tafin ƙafa da tangaɗi wajen tafiya saboda laka ta taɓu. Furfura kuwa akasari gado ce da shekaru: ƙwayoyin da ke samar da launi a gindin gashi ne ke ƙarewa. Duba mahaifinka ko kawunnanka, lokacin da tasu ta fara zai fi gaya maka gaskiya.

Ita saniya ana ƙiyasta mata miligiram 10 a kowane kilo na busasshen abincinta, amma abin da ya fi wannan adadi muhimmanci shi ne tumbinta. A cikin tumbin dabba mai tuƙa, farar wuta da wani sinadari mai suna molibdenom suna haɗuwa su ɗaure jan ƙarfe, ya fita a kashi jiki bai amfana ba. Yawan sinadarin baƙin ƙarfe (ayon) a ruwan sha ko a ƙasar da take haɗiya tare da ciyawa shi ma yana ƙara rage shi. Babbar saniya ɗan kaɗan take tsotsa daga abin da ta ci, galibi ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Ana iya gwada ciyawa a ga jan ƙarfe ya wadata, garken kuma yana fama da rashinsa. A yankin Somaset na Ingila akwai makiyayar da shanu suka daɗe suna zawo suna ramewa a kanta, sai a ƙarshen shekarun 1930 aka gano molibdenom ne ya yi yawa a ciyawar. Mutum ba shi da tumbi irin wannan, ba shi da wannan matsala.

Shi ya sa gashi yake da amfani wajen gane lafiyar saniya. Baƙa takan koma ja-ja kamar tsatsa, ja kuma ta koma ruwan ɗorawa, gashin ya yi kaushi, kewayen ido ya fi ko'ina koɗewa. Duk da haka kar ka yanke hukunci da ido kawai. Rana tana koɗar da gashi, tsutsar ciki ma haka. In akwai zawo, ko maruƙa ba sa girma, ko shanu suna jinkirin ɗaukar ciki, zargin ya yi ƙarfi. Likitan dabbobi zai gwada jini, sai dai jini ba ya nuna ƙarancin sai ajiyar hanta ta kusa ƙarewa, don haka gwajin hanta ya fi tabbas.

Akwai wuri ɗaya da gashin mutum da na dabba suka haɗu sosai. Tumakin da suka rasa jan ƙarfe ulunsu yakan miƙe ya rasa lanƙwasa, baƙar tunkiya ta fito da layin fari, 'ya'yansu kuma su zo da raunin ƙafafun baya. Masu bincike a yammacin Ostireliya sun danganta wannan rauni da jan ƙarfe a 1937. A 1962 likita John Menkes ya bayyana wata cutar gado da ke kama jarirai maza, gashinsu ya koɗe ya murɗe yana karyewa. A 1972 David Danks, shi ma a Ostireliya, ya nuna cewa jan ƙarfe ne ba ya ratsa hanjinsu, kuma kamannin gashin da ulun waɗancan tumaki na cikin abin da ya ja hankalinsa. Cuta ce mai tsanani, ba ta da yawa, ba ta da alaƙa da furfurar baligi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne batun tumaki, in kana da su tare da shanun. Tunkiya tana tara jan ƙarfe a hanta, ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. Abincin da ya wuce miligiram 15 a kilo ya fara zama haɗari gare ta, alhali saniya tana jure har 40. Sai ta yi watanni lafiya lau, ran da ta sha wahalar tafiya ko yunwa hantar ta sako shi cikin jini gaba ɗaya, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ido ya yi shawara, fitsari ya yi ja mai duhu, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Gishirin lasa ko haɗin abincin da aka yi don shanu kar ka bari tumaki su kai gare shi. Akuya ta fi tunkiya juriya.

Kai ma akwai iyaka: miligiram 10 a rana ga baligi, fiye da haka hanta ce ke wahala, masu cutar Wilson kuwa, wadda jiki ke tara jan ƙarfe, ko kaɗan bai kamata su ƙara ba. In furfurar ta zo da kasala ko mutuwar ƙafa, je a gwada jininka, a duba har da bitamin B12 da aikin tayiroyid, ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. In ita kaɗai ce, kuɗin ƙwayar ka kai su wajen gwajin saniyar.