Lockstep ko Predictive: wanne zai ɗauke ka da netwok ɗin Katsina?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da dare, ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, so nake in zauna in yi maka bayanin da zai shiga don abun ba na layi biyu ba ne. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi yana buga Path of Exile a laftof daga Ƙofar Ƙaura da datar layin waya, sai ya ga ya gudu ya bar dodanni can nesa har ya sha kwana, kwatsam gem ɗin ya fizgo shi baya ya tsinci kanshi a tsakiyarsu jini ya ƙare. Abokinshi ya ce mashi ya bar Predictive ya koma Lockstep, wato hanyoyi biyu da gem ɗin ke ba ka ka zaɓa na haɗuwa da netwok, ya koma, sai kuma jarumin ya yi nauyi kamar an aza mashi buhun gero, ga hoton yana tsayawa cak lokaci-lokaci. Shi ne yake tambaya wanne ya fi tsakanin biyun, kuma ko ƙarin data zai saya.

To ka fara riƙe wannan tukuna. Abun da kake gani a allon laftof ɗinka ba shi ne gem na gaskiya ba. Na gaskiyan yana can cikin sabar, wato babbar kwamfutar masu gem ɗin, a Landan ko Farankfot, can ake yanke hukuncin wa ya sari wa, wa ke tsaye ina, wa ya mutu. Laftof ɗinka hoto kawai take zana maka. Duk latsawar da ka yi saƙo ne, sai ya je can ya dawo, kuma tsawon wannan zuwa da dawowar shi ne fing ɗin da kake gani, da milisakan ake auna shi, guda 1,000 ne ke yin sakan ɗaya.

Mu kuma Allah ya ajiye mu nesa. Saƙonka zai tashi daga waya ya hau ƙarfen sabis ɗin unguwa, ya gangara Legas wanda ya haura kilomita 1,000 daga nan, sannan ya shiga wayar ƙarƙashin teku. Ɗauki ta MainOne misali, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta wajen kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal. Haske a cikin irin wannan waya yana cin kamar kilomita 200,000 a sakan, kenan milisakan 35 zuwa 35 dawowa, 70 sun tafi a teku kaɗai. Ƙara na Katsina zuwa Legas, ƙara na Fotugal zuwa Jamus, ka taɓa 100 tun ba a lissafa na'urorin da saƙon ke yada zango a kansu ba. Wannan ba laifin layinka ba ne kuma babu kuɗɗin da zai goge shi. Ni a nan in na samu 140 zuwa 160 godiya nake. Duk wanda ya tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin tekun nan suka samu matsala ta wajen gaɓar Kodebuwa ya san yadda rayuwarmu ta intanet ke rataye a jikinsu.

Tunda jiran nan dole ne, masu gem hanya biyu gare su, ko su ɓoye maka shi ko su bar ka ka ji shi a hannunka.

Predictive ɓoyewa yake. Ka ɗauke shi kamar yaron shago a babbar kasuwa wanda maigidanshi ya yi tafiya, mai saye ya zo ya taya, yaron bai tsaya kiran waya ba ya ce sallama ya ɗaure kaya ya miƙa, don a ganinshi ai maigida ma haka zai ce. Yawanci kuma haka ɗin ne, ciniki na tafiya da sauri kowa na jin daɗi. Amma ranar da maigida ya kira ya ce a'a wannan kayan na riga na sayar ma wani, dole a bi mai sayen a amso. Haka laftof ɗinka ke yi, kana latsawa jarumin ya motsa nan take ba jira, tana hasashen sabar za ta yarda. Matsalar tana fitowa ne a wurin da hasashen ya saɓa, kuma ka lura da kyau, ba ko'ina take faruwa ba, ta fi yawa a bakin ƙofa da lungu da matsattsen wuri. A allonka ƙofar a buɗe take ka wuce fit, a wurin sabar kuwa wani dodo ya riga ka isa bakin ƙofar da taki ɗaya ya tare, kana nan maƙale suna ta saranka. Kai kana can kana ganin ka tsira amma jini na ta sauka ba ka san mi ke cin ka ba, sai sabar ta ce kai dawo inda kake da gaske. Wannan fizgowar da ta ba ka haushi gyara ne, ɓarnar ta riga ta faru tun sakan biyu ko uku baya.

Tsoffin 'yan wannan gem sun sha wannan wahala fiye da kai. Kamfanin Grinding Gear Games na ƙasar Niyuzilan ne, sun fitar da shi a 2013, kuma a lokacin Predictive kaɗai ake da shi, har mutane suka riƙa ɗaura umarnin /oos a kan maɓalli guda suna latsawa kowane ɗan lokaci don tilasta ma sabar ta faɗa masu inda suke. Masu amfani da dabarun faɗa na Cyclone da Whirling Blades su suka fi kuka, don duk dabarar da ke ratsa ka ta cikin taron dodanni da gudu tana ninka damar saɓanin. Sai a 2015 da suka saki babbar sabuntawar The Awakening aka kawo Lockstep.

Shi Lockstep yaron shago ne mai tsoron maigida, ko ashana za a saya sai ya kira ya ji an ce sayar. Ba ya taɓa yin kuskure, abun da ka gani a allo shi ne a sabar, in dodo na gefenka to yana gefenka, in ka wuce ƙofa ka wuce. Amma kowane motsi sai ka biya kuɗin jira. In gem na zana hoto 60 a sakan, kowanne na ɗaukar kusan milisakan 17, to fing 160 na nufin hoto wajen 10 sun wuce tsakanin latsawarka da motsin jaruminka. Nauyin da ka ji kenan. Wanda ke zaune a Jamus da fing 20 ba zai ma san ana yi ba, shi ya sa in ka ga Turawa na cewa Lockstep ya fi komi gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar ɗakinsu ce.

Kuma nauyin ba shi ne babban abun ba, hannu na sabawa da shi, kwana uku za ka fara latsawa kafin lokaci ba tare da ka yi tunani ba. Tsayawar nan cak ita ce mai kisa. A Lockstep in saƙo ɗaya ya makara ko ya ɓace a hanya duk duniyar gem ɗin tsayawa take a allonka tana jiranshi, amma can sabar ba ta tsaya ba, dodanni na aikinsu, sai saƙonnin su iso a tare komi ya ruga da gudu kamar an saki ruwan dam, kafin ka gane mi ke faruwa an gama da kai.

Bari in ba ka abun da ya faru da ni. Wani dare bayan isha'i ina kan Lockstep a ɗaki, maifai na kan taga inda sabis ya fi kamawa, ina gaban bos, wato babban dodo, na rage mashi jini saura kaɗan. Na ga ya ɗaga hannu zai buga ƙasa, na latsa tsalle a daidai lokacin da ya kamata, hoton ya daskare jarumina ƙafa ɗaya a sama. Na ɗaga ido na kalli layin fing a kusurwa, ya tashi tsaye kamar hasumiyar Gobarau. Da ya saki gawa na tarar. Na fito tsakar gida ashe ƙanwata ce ta hau maifai ɗin tana tura bidiyon bikin ƙawarta a WhatsApp. Kuma ka san in ka gama babi na 10 kowace mutuwa kashi 10 cikin 100 na makin da ake buƙata don cika wannan matakin take kwashewa daga abun da ka tara, aikin dare biyu ya tafi a sakan ɗaya. Ya yi mani zafi sosai ranar, amma daga nan na gane inda gizo ke saƙa.

Lambar fing ba ita za ka kalla ba, rawar da take yi za ka kalla. Latsa F1 a cikin gem ɗin zai fito maka da zane, ka yi wasa na minti 10 kana satar kallonshi. In layin a kwance yake, ko da a 150 ne, yana ɗan motsi kaɗan sama da ƙasa, to Lockstep zai yi maka, ka jure nauyin ka samu gaskiya, musamman in Hardcore kake bugawa inda mutuwa ɗaya ke fitar da jarumi daga gasar. In kuwa layin kamar haƙoran zarto yake, yanzu 140 anjima 400 ya dawo 170 ya sake tashi, to ka bar Lockstep, zai riƙa daskarar da kai kowane minti. Predictive na haɗiye irin waɗannan ƙananan tsalle-tsallen ba ka ma ji ba. Kuma tunda ka ce datar waya kake amfani da ita kuma da dare kake bugawa, ni shawarata ka koma Predictive yanzu. Na san wasu a nan za su ce ai ƙarya yake nuna maka, e ƙarya ce wani lokacin, amma ƙaryar da ka san wuraren da take fitowa kana iya kauce mata, daskarewa kuwa ba ta sallama.

Sai dai ka canza salon wasa. Kar ka ratsa ƙofa da gudu dodanni na bayanka ko gabanka, tsaya daga waje ka jawo su fili. In ka ga jini na sauka babu kowa kusa da kai kar ka tsaya mamaki, sha magani nan take ka matsa, jinin nan daga sabar yake zuwa shi ba ya ƙarya. In ka ga kana saran dodo ba ya raguwa, ba ya wurin, bar shi. Kuma jarumi mai harbi daga nesa ko mai sakin mayaƙa su yi mashi faɗa ya fi mana sauƙi a nan fiye da mai shiga tsakiya da takobi.

Maganar ƙarin data kuwa, riƙe kuɗɗinka. Gem irin wannan ba ya cin data mai yawa lokacin wasa, saukar da shi da sabuntawa ne ke ci, saƙonnin wasan ƙanana ne sosai, buƙatarsu su isa a kan lokaci. Faɗin titi daban tsawon titi daban. Abun da zai taimaka maka ba ya cin ko sisi. Haɗa wayar da laftof da kebul na USB maimakon hotsfot, in kuma dole sai waifai to sa shi a 5GHz ka zauna kusa. Kashe duk abun da ke sabunta kanshi a ɓoye, Windows da Steam da ajiyar hotunan waya. Roƙi mutanen gida su ɗaga maka ƙafa da tura bidiyo, turawa ta fi saukarwa illa don hanyar fita ta fi ƙunci, saƙonka sai ya bi layi a bayan bidiyon. A shafin shiga kar ka bar shi ya zaɓar maka gari, gwada Landan da Farankfot da Amsterdam da Faris da Milan ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin wanda ya fi nisa a taswira shi ya fi kwanciya saboda hanyar da layinka ke bi. Lokaci ma na da tasiri, daga magariba zuwa sha ɗaya kowa a unguwa na kan ƙarfe ɗaya yana kallon bidiyo, amma bayan asuba sai ka rantse wani layin ne, ni a wannan lokacin kaɗai nake komawa Lockstep. Masu tambayar Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, zai iya raba ka da cunkoson ƙarfen unguwa amma nisan Turai na nan yadda yake.

Ka ma gode Allah wannan gem ɗin ya ba ka zaɓi. Diablo IV na 2023 ba ya tambayarka, in netwok ya yi rawa sai dai ka ga ana ja da kai baya kamar roba. Elden Ring kuma wani lissafin ne daban, in kuna faɗa da mutum na'urarka da tashi ke magana kai tsaye, to in yana Amurka kana Katsina za ka ga takobinshi ya sari iska nesa da kai amma jininka ya ragu, don a allonshi kana nan inda ka baro. A can babu wani maɓalli da za ka juya.

Yau da dare wajen ƙarfe tara ka fita zuwa shafin shiga, ka buɗe Options wurin Networking Mode ka mayar Predictive, ka sake shiga, ka latsa F1 ka ɗauko mani hoton zanen bayan minti 10, gobe bayan asuba ka sake ɗaukar wani da kebul a haɗe. Turo su duka biyun tare da garin da ka zaɓa, in sha Allahu daga nan zan gaya maka ko akwai lokacin da Lockstep zai yi maka.