Mai kwale-kwalen Baturiya: a je da shi, amma a yi ciniki tun a gaɓa

Duk mai son kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, ya nemi masuncin yankin ya shigar da shi ruwa. Tsayawa a bakin gaɓa da waya a hannu ba ya nuna wa mutum komai sai balbela. Wani dattijo ne ya ɗauke mu, ni da abokan aikina malaman makaranta daga Haɗeja, kuma a ganina ya ci guminsa.

Kwale-kwalen nasa ba inji. Doguwar sanda yake dogarawa a ƙasa yana tura mu a hankali, shi ya sa muka iso dab da garken kirinjijiya ba su tashi ba. Ya ce a iso bayan sallar asuba, a cikin hunturu, kuma gaskiyarsa ce: daga Nuwamba zuwa wajen Maris ne tsuntsayen Turai ke ƙetaro Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, su cakuɗa da 'yan gida irin su ɗinya da zalɓe. Saboda su ne aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayoyi masu muhimmanci, a 2008. Baba bai san wannan suna ba, amma daga kuka kawai yake gane tsuntsu kafin mu hango shi.

Abin da ya sa na yaba masa shi ne abin da ya hana. Ɗaya daga cikinmu ya roƙe shi ya buga sanda a ruwa don garken ya tashi, ya samu bidiyon da zai sa a Facebook. Har ƙarin kuɗi ya yi masa tayi. Baba ya ce, "Haba Malam, baƙi ne fa, sun sha hanya. In muka kore su yau, gobe me zan nuna wa wani?" Lissafinsa daidai yake. Tsuntsun da ake tayarwa a kai a kai ƙona kitsen da yake tarawa na komawa gida yake yi, in abin ya ishe shi kuma ya sauya masauki. Mai jirgin da ya yarda da irin wannan roƙo, kasuwarsa yake kashewa da hannunsa.

Ya daɗe yana ba mu labarin kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo ta toshe magudanai. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya bar tsohon tsarinsa na cika da damina ya janye da rani. Inda ruwa ya kwanta shekara zagaye, nan kacalla ke kafa gari. A cikinta jan baki ke kwana, da safe su afka wa shinkafa da gero. Don haka kada baƙo ya yi mamaki in ya ji manomi na tsine wa tsuntsu a wurin da shi ya zo sha'awarsu. Hanyar da muka bi ma, in ji Baba, da aikin gayya suka sare ta.

To, akwai gyara. Babu tsayayyen farashi, kuma da yake ba mu yi magana tun farko ba sai da aka ɗan ja bayan an sauka. Madubin hangen nesa babu, sai ka zo da naka. Banɗaki babu, abin da zai takura wa mata. Ledar ruwan da muka sha kuwa shi ya ce mu tara a jaka mu fita da ita, wannan kam na ji daɗi.

Kafin a shiga, a biya a gaida mai gari, shi zai haɗa ka da wanda ya san ruwan. A sayi kifi da tabarmar kaba a hannun mutanen garin, kada duk kuɗin tafiyar ya ƙare a gidan mai da shagunan Haɗeja. Ɗalibaina sun matsa in kai su, na ce a'a tukuna: jirgin ba shi da rigar kariya daga nutsewa ko guda ɗaya, kuma na gaya wa Baba sai an samo su zan kawo 'ya'yan mutane.