GridLAB-D: manhajar da ba ta tsayawa a bakin mita

Wata huɗu ke nan ina aiki da GridLAB-D, manhajar da cibiyar bincike ta Pacific Northwest National Laboratory ta ƙera da tallafin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka. Kyauta ce, kuma lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga mai son dubawa. Aikinta kwaikwayon layukan rarraba lantarki a kwamfuta, daga ƙaramar tasha har gidan ƙarshe, don a gwada sabuwar dabara kafin a taɓa waya ko taransifoma.

Abin da ya ɗaure ni da ita shi ne yadda take kallon gida. Manhajojin da na saba da su suna ɗaukar gida tamkar lamba ɗaya, kilowat kaza. Ita kuwa ciki take shiga, ta lissafa na'urar sanyaya ɗaki, tankin dumama ruwa, yadda bango ke riƙe zafi, da yanayin waje da take karantowa daga fayil, awa bayan awa.

Na ɗauki layin gwaji na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, mai mahaɗa 13, wanda ke kan kilobolt 4.16, na jona masa gidaje, na sa tankunan ruwa su kashe kansu idan farashin wuta ya hau. Da yamma lodi, wato yawan wutar da gidajen ke ja, ya sauka kamar yadda na zata. Farashin na faɗuwa sai duk suka kunnu lokaci guda, ga wani sabon tudun lodi a daidai sa'ar da na ɗauka layin zai huta. Na daɗe ina kallon wannan zanen. Sai da na rarraba lokacin kunnuwarsu tukuna tudun ya kwanta. Da na ɗora faifan sola a rufin gidajen ma, ta nuna mini ƙarfin wuta yana hawa da tsakar rana, wutar tana komawa baya zuwa taransifoma.

Tana son haƙuri fa. Kowace waya da kowane mita da hannu ake rubuta su a fayil ɗin da manhajar ke karantawa, mai suna GLM, sakamakon kuma jerin lambobi ne a fayil irin na CSV, zanen sai ka haɗa da kanka. Wanda lissafin layi kawai yake nema, manhajar OpenDSS ta cibiyar binciken lantarki ta EPRI za ta fi masa sauri a ganina. Ni da nake bin halin na'urorin cikin gida, gwajina na gaba cajin motocin lantarki ne da dare, a kan wannan layin dai.