Soja Ko Rundunar Tsaron Al'umma?

Samari daga Isa da Sabon Birni a jihar Sakkwato sun dame ni da tambaya: Malam, soja za mu shiga ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya kafa?

Shiga soja sai da takardar sakandare, a cike fom kyauta ta intanet, a ci tantancewa, sannan a sha horon wata shida a Zariya. Bayan nan sai inda aka tura ka. Ko da yake hedikwatar runduna ta 8 tana nan Sakkwato, kana iya farkawa a Borno. Amma akwai albashin tarayya da ƙarin girma da fansho.

Ɗan rundunar jiha kuwa a gida yake aiki. Ya san kowace burtali, kuma tsohuwar da ke tsoron kaki za ta raɗa masa inda ɓarayi suka kwana, ya kai wa soja. Hatsarin nan ne fa: su ma ɓarayin sun san ƙofar gidansa, ga makaminsa bai kai nasu ba. Kuma aikin jiha ne, gobensa na hannun gwamnati mai zuwa.

Mai takarda da ke neman aikin dindindin, soja ya fi masa. Wanda gona da tsofaffi suka riƙe, ya tsaya a ta jiha.