Wata takwas yarona na tirenin ɗin gudu wurin Baba Koci, ga abin da na gani

Tun ranar da na ɗora hoton yarona riƙe da ɗan kofin da ya ciwo a gasar makarantu mutane ke ta tambayata, wai ina yake tirenin, nawa ake biya, kuma anya ya cancanci mutum ya riƙa tada ɗanai da asuba saboda gudu kawai. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta duka, mai daɗi da marar daɗi, wanda zai kai nashi ya kai da saninai.

Da farko dai in faɗa muku gaskiya, ni ba baƙon mutumin nan ba ne. Ya koyar da ni gudu lokacin ina kwaleji sama da shekara 20 da sunka wuce, kuma ko a lokacin ya daɗe a wurin don malamanmu ma wasu shi ya yi musu tirenin suna ɗalibai. Shekara 35 ya yi shina riƙe da 'yan gudun kwalejin, na fili da na daji wanda muke ce ma kuros kantiri, har ya yi ritaya. Mutane sun ɗauka zai koma gida ya shimfiɗa tabarma ƙofar gida ya huta, ina, wata biyu bai cika ba anka fara ganinai da usur a wuya a filin wata makaranta can wajen Arkilla a nan Sakkwato da yara biyar, yanzu sun haura talatin. Kowa Baba Koci yake ce mishi, ni ma haka zan kira shi a nan.

Kuɗin wata naira dubu biyar ne, Litinin da Laraba da Alhamis a fili, Asabar kuma daji. Maraya ba ya biya, kuma na san yara aƙalla uku da iyayensu sunka kasa biya wata da watanni bai taɓa kora ko ɗaya ba, bai ma taɓa yin maganar gaban sauran yara ba. Ana farawa da an sallame sallar asuba, kafin bakwai da rabi an tashi don masu zuwa makaranta.

Abin da ya faru a watan farko shi ne ya kamata duk uba ya sani kafin ya kai ɗanai, don nan ne mutane da yawa ke janye yaransu. Yarona shekara 16, ya je da zafinai, shina ganin duk unguwarmu a Mabera babu mai kama shi, ya ɗauka ranar farko za a ɗora mishi agogo a ga abin da zai iya. Baba bai ko fito da agogon daga aljihu ba. Sati huɗu cur yaron na zagaya fili a hankali, dokar ita ce ka yi gudun da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashinka ya sarƙe ba, in ka kasa magana to ka yi sauri da yawa, koma baya. Yaro ya dawo gida rai ɓace ya ce min wanga ai ɓata lokaci ne, tsohon nan tafiya kawai yake sa mu. Na ce mishi ka yi haƙuri ka ci gaba, don ni ma haka ya yi min kuma haka na yi fushi. Sai a wata na biyu anka fara zagaye na mita 400 da agogo, shida da farko, a huta tsakani, a hankali ya kai su takwas har goma. Kuma bayan kowane zagaye sai ya sa su ɗora yatsa a wuya su ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, wanda nashi bai sauka ba ba zai shiga na gaba ba ko da kuka zai yi.

To amma abin da ya sa nake cewa dubu biyar ɗin nan ba komai ba ce, idon mutumin ne. Wata Laraba ina tsaye gefenai muna gaisawa, yara na wucewa su wajen goma a dunƙule, sai kawai ya busa usur ya ce ma yarona, jikana zo nan. Ni wallahi ban ga komai ba, gudu yaron ke yi lafiya lau a idona. Ya ce tun yaushe ƙwabrinka na hagu ke ciwo, yaro ya yi shiru can ya ce kwana huɗu. Ashe ɓoyewa yake don kar a hana shi gasa, ni da muke kwana gida ɗaya ban sani ba. Baba ya tsuguna ya danna wurin, ya ce a cire takalmin, ya juya shi ya nuna min yadda gefe ɗaya na ƙasan ya cinye ɗaya bai ci ba, ya ce ɗana wanga kambas ya mutu, ka shiga gwanjo ka nemo mai taushin ƙasa ko da ba mai suna ba ne, kuma sati biyu ba gudu sai keke, in bai daina ba asibiti za ku a yi hoto kar in ji an ce an kai shi wurin mai ɗori. Sati biyu ciwon ya tafi. Irin wagga sani ba a samunta a satifiket, sai wanda ya kwashe shekaru shina kallon ƙafafun ɗiyan mutane safe da yamma.

Ranar Asabar ita ce ranar da na fi so, har ni ina bin su wani lokaci. Ana haɗuwa wajen gadar Kwalkwalawa a kan hanyar jami'a, a sauka fadama, a bi ta gefen gonakin albasa da shinkafa, wani wuri rairayi ƙafa na nutsewa wani wuri ƙasa ta bushe ta tsattsage, ga ɗan hawa ga gangara, shi kuma shina biye da su a tsohon babur ɗinai da jarkar ruwa ɗaure a baya. Ƙananan kilomita huɗu suke yi, manyan har takwas zuwa goma. Ya ce daji shi ke gina ɗan gudu, fili gwada shi kawai yake yi, lokacin muna kwaleji ma tsarinai shi ne hunturu duka daji, sai gasa ta matso a koma fili. Doka ɗaya da ba ya wasa da ita, wanda ya taka shukar manomi zai koma ya ba mai gona haƙuri da bakinai, shi ya sa har yau manoman wurin ke ɗaga musu hannu.

Ya san garin da yake aiki cikinai, wannan ma abin yabo ne. Daga Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 yakan rage komai ya sallame su da wuri, kuma ba ka shiga fili sai ka nuna gorar ruwanka. In ƙurar hunturu ta yi yawa masu asma ba ya barinsu gudu. Da azumi ya mayar da abin ɗan motsa jiki mai sauƙi bayan tarawi, sau biyu a sati kawai. Abinci kuma bai taɓa sa mu sayen wani garin gwangwani mai tsada ba, cewa yake wake, ƙwai in da hali, fura da nono, dabino, kunu da ƙosai bayan an tashi, a kuma yi barci da wuri a aje waya. Akwai samari masu shirin shiga soja da ɗan sanda da ke zuwa don gudun tantancewa, su ma shina karɓarsu, amma duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin shina shan tiramol ko wata ƙwaya don ƙarin ƙarfi ranar zai bar filin, gabana anka yi ma wani kuma har ƙanen ubanai ya zo roƙo bai mayar da shi ba sai bayan wata uku.

Wani abu da ya ƙara min girmanai, ba ya sayar ma yara mafarki. Yarona ya kwaso zancen Tobi Amusan 'yar Najeriya da ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a Oregon a 2022, da yadda ta tafi jami'a a Texas ta hanyar gudu, shina ta tambayar ko shi ma za a kai shi Amurka. Na ga wuraren da za su ce mishi eh nan take don uba ya ci gaba da biya. Baba ce mishi ya yi ka fara cin jarrabawarka, ka fara cin yaran jiharka, sauran na Allah ne. Sannan ya zaunar da su ya ba su labarin filin nan da Tobi ta yi gudun, cewa filin jami'ar Oregon ne inda Bill Bowerman ya yi shekara 24 shina koyar da ɗalibai, mutumin da daga baya shi da ɗalibinai Phil Knight sunka kafa kamfanin takalman wasanni da ya zama Nike. Ya kan kawo John McDonnell na jami'ar Arkansas da ya zauna wuri ɗaya daga 1972 har 2008 ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 40, da Colm O'Connell ɗan Ireland da ya sauka Iten a Kenya a 1976 ya ƙi tashi, har ya fito da David Rudisha wanda ya yi mita 800 a 1:40.91 a Landan a 2012. Ya kuma gaya musu ƙiri-ƙiri cewa Iten na bisa tsauni wajen mita 2,400, iskarsu daban da tamu ta nan ƙasa, don haka kar wani ya ɗauka dogon gudu irin na Kenyawa abu ne na wata shida. Ni abin da na ɗauka a labaran nan, duk mutanen zama sunka yi wuri guda shekara da shekaru, kuma mu ma muna da irin wanga mutum a garin nan, sai dai shi babu kyamara a kanai.

Ranar da na fara kai yaron Baba ya ce in dakata, washegari ya zo da wani tsohon littafi mai bangon kwali duk ya yi ja, ya buɗe ya nuna ma yarona sunana, da lokacin da na yi a mita 5,000, zagaye sha biyu da rabi, da abin da ya rubuta a gefe da jan biro cewa ina saurin tashi da ƙarfi in gaji a ƙarshe. Ya ce ubanka ke nan, mu gani ko ka gado shi. Sai da na juya baya don hawaye sunka zo min. Littattafan nan buhu guda ne a ɗakinai, kowane ɗalibi da shafinai.

Yanzu inda ban ji daɗi ba, don ba zan ɓoye ba. Baba na da faɗa, kuma faɗan na da zafi, mu na da mun saba amma yaran yanzu wani in ka daka mishi tsawa gaban abokai ba zai dawo ba, na san yaro mai baiwa ƙwarai da ya bari saboda haka kuma na gaya ma Baba da ladabi cewa a nan ya kamata ya sassauta. Ba ya WhatsApp, wayar ma ƙaramar ce kuma rabin lokaci tana kashe, akwai ranar da munka taso tun daga Mabera cikin duhu munka tarar ba kowa ashe ya tafi jana'iza ƙauye ya gaya ma yara biyu su sanar sunka manta. Filin kanshi ƙasa ce da tsakuwa, layi da toka ake ja, babu ruwa babu bayi mai kyau, takalmin gudu mai ƙusa a ƙasa ma ba ya amfani sosai a kai, sai gasa ta matso yake neman izini ya kai su babban fili su saba. Kayan taimakon gaggawa bandeji ne da man zafi a cikin leda, wanga bai isa ba ga yara talatin, mu iyaye munka fara haɗa kuɗi don a sayi akwati na sosai. Sannan 'yan mata, ƙanwar yaron na so ƙwarai amma babu mace mai horarwa kuma babu wurin canza kaya, shi da kanai ya ce ba zai karɓa ba sai ya samu ɗaya daga tsofaffin ɗalibanai mata ta riƙa zuwa, har yanzu muna jira kuma abin na damuna.

Abin da ya fi damuna duka shi kaɗai ne. Mutum ya doshi saba'in, gwiwa na ba shi wahala, ranar da bai da lafiya babu tirenin. Mu da munka ci moriyarshi a kwaleji muna da yawa a garin nan, wasu malamai wasu manyan ma'aikata, ya kamata a samu ko mutum biyu su riƙa tsayawa kusa da shi suna koyon yadda yake kallo tun shina da ƙarfin nunawa, ni na ɗauki Asabar biyu a wata.

Wanda ke son ɗanai ya ci kofi cikin wata ɗaya kar ya ɓata kuɗinai, wurin ba nashi ba ne. Wanda kuma zai iya haƙurin watan farko, ya je da kanai ranar Asabar ya gaida Baba tukuna kar ya aika yaro shi kaɗai, don ba ya karɓar yaro sai ya ga uba ko wani babba na gida, a zo da gorar ruwa da kambas mai taushi. Yarona a mita 1,500 ya rage wajen daƙiƙa 40 tsakanin gwajin farko da na watan jiya, shina ta matsa min in roƙi Baba ya mayar da shi 5,000 irin nawa, na je na yi maganar ya ce a'a sai baɗi in ƙashinai ya ƙara ƙwari, na ce to Baba yadda ka ce.