Jirgin fiton Kadikoy, inda na yi wa Istanbul sallama

In zamanka a Istanbul ya zo ƙarshe, ka ɗaure kaya, kana neman inda za ka yi wa garin kallon bankwana, kada ka biye wa samarin da ke tsaye a bakin ruwan Eminonu suna kiran mutane zuwa jiragen yawon buɗe ido. Kiɗa ne kawai zai cika maka kunne, ga jama'a kowa na ɗaukar kansa hoto. Ka ɗora katinka na Istanbulkart a ƙofa, wanda dai kake shiga bas da taragu da shi, ka hau jirgin fiton da ma'aikata ke hawa tsakanin Kadikoy a ɓangaren Asiya da Eminonu a ɓangaren Turai. Shi na hau a yammacina na ƙarshe, kuma shi nake hawa tun farkon zuwana, daga ɗakina a ɓangaren Asiya zuwa shagon sarin tufafi da nake riƙe wa lissafi a Laleli.

Tafiyar ba ta wuce minti 20 zuwa 25. Mai gaggawa yana da abin da ya fi wannan sauri: tun Oktoban 2013 jirgin ƙasa na Marmaray ke bi ta ƙarƙashin mashigin Bosforus, kafin ka gyara zama ka tsallaka daga Uskudar zuwa Sirkeji. Ga kuma gadar da aka buɗe a 1973, in kana da haƙurin cunkoson motoci. Na bi duka biyun ranakun da na makara. Amma a cikin rami ba abin da kake gani sai fuskarka a gilashi, shi ya sa ko abokan aikina Turkawa, masu ƙorafi kan komai, ban taɓa jin ɗayansu ya kushe jirgin fito ba. Abin ya daɗe a jininsu. Tun 1851 aka kafa kamfanin jigilar mutane da jiragen tururi a wannan mashigi, zamanin Daular Usmaniyya.

Wurin zama shi ne sirrin. In daga Kadikoy ka taso, ka nemi bencin waje na hannun hagu, ka kuma daidaita lokacinka da rabin awa kafin magariba. Jirgin na barin tasha za ka ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Haydarpasha a dama, ginin 1908 da gobara ta cinye rufinsa a 2010. Ka waiwaya ka dube ta, ta cancanta. Can gaba ga Kiz Kulesi, 'yar hasumiyar nan da ke tsaye ita kaɗai a kan dutse cikin ruwa. Sai dai abin da ka zo dominsa yana hagu. Rana na faɗuwa ta bayan tsohon gari, hasumiyoyi shida na Masallacin Sultan Ahmad da ƙubbar Aya Sofiya su koma baƙi ƙirin, fadar Topkapi ta biyo baya a kan tudu cikin bishiyoyi. Ba ka isa ka ga ukun nan a jere haka daga kan titi ba, ko da kuwa a unguwar kake kwana.

Shayin cikin jirgi kuwa ba wani na musamman ba ne, baƙi ne mai ɗaci a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, wani lokacin ya daɗe a wuta. Duk da haka ban iya tsallakawa ban saya ba. Mai sayarwar da na fi sabawa da shi dattijo ne mai furfurar gashin baki, yana miƙo kofin da sukari biyu a gefen faranti tun kafin in buɗe baki. Da na ce masa gobe zan tafi gaba ɗaya, bai yi wani dogon zance ba, ya dai ture hannuna da kuɗin, ya juya ga na bayana. Mutane na shigowa da simit, burodin nan mai zobe da aka barbaɗe da riɗi, su ci rabi su riƙa gutsura sauran suna cilla wa tsuntsayen teku da ke bin jirgin, su kuwa suna cafewa a iska. Ni dai cinye nawa nake yi.

Akwai abin da za ka yi haƙuri da shi, yawanci kuma daga sama yake. In iskar kudu da suke kira lodos ta taso, ko hazo ya rufe mashigin da safe, sai a soke tafiya, ka ga dubban mutane sun juya sun nufi Marmaray lokaci guda kamar an buɗe wa tumaki garke. Don haka kada ka ɗora lissafin zuwa filin jirgin sama a kan jirgin fito. Lokacin hunturu bencin wajen nan da nake yabo yana yanka kunne, sai da hula da babbar riga. Da yamma, lokacin tashi daga aiki, masu komawa Kadikoy kan cika shi maƙil, wanda hakan ma wani dalili ne na bin hanyar da na faɗa, tunda kai kana tafiya ne inda jama'a ke barowa.

Kada ka zo da akwati. Ka bar shi a masauki, ka zo hannu rabbana, don ka iya tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan yadda ka so. In ka sauka a Eminonu, gadar Galata na nan gab da kai da masu kamun kifinta, amma ni ban hau ba. Na sake ɗora kati na bi jirgi na gaba na koma. Ragowar kuɗin da ke cikin katin ba ya bin ka ko'ina, ni nawa na miƙa wa yaron da ya gaji teburina a shago, wanda har yanzu bas yake bi ta kan gada yana makara.