Na'urar Kariya Daga Yoyon Wuta: Wacce Ya Kamata A Saya Idan Ta Gida Tana Yawan Katsewa?

Da zarar soket mai kariya ko birekar gida ta fara katse wuta akai-akai, mutane da yawa sukan nufi kasuwa neman sabuwa, alhali sau tari aikinta take yi. Na'urar kariya daga yoyon wuta tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo ta wayar niyutural, idan ta ga giɓi, wato wani kaso ya zurare ta danshi ko jikin ƙarfe ko jikin mutum, sai ta katse nan take. Don haka kafin a kashe kuɗi, a zare duk kayan da ke kan layin, a ɗaga ta, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Hitar ruwa da ƙarfen dumamarta ya tsage, da dutsen guga mai tsohuwar igiya, da soket ɗin tsakar gida wanda ruwan damina ya shiga, su aka fi kamawa. Idan ta katse ba komai a jone, mai gyaran wuta ya duba wayoyin, musamman inda ake sauya layi tsakanin wutar NEPA da janareta, domin a nan ake yawan cakuɗa niyutural.

Idan ya tabbata na'urar ce ta lalace, mafi sauƙin sauyawa shi ne soket mai kariya a jikinsa, wanda ya dace da banɗaki ko kicin. Sai dai a kula, wanda ake kira GFCI a Amurka an ƙera shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, saboda haka bai dace da gidajenmu ba ko da an same shi da arha cikin kayan gwanjo.

RCCB, wato bireka mai katse wuta idan an samu yoyo, a akwatin rarraba wuta ake ɗaura ta, ita kaɗai tana tsare gida duka, abin da ya sa ake ganin rahusarta. Illarta ita ce soket ɗaya da ya jiƙe yana iya jefa kowane ɗaki cikin duhu, firji ya kwana a kashe, ga shi ɗan yoyon da kowace na'ura ke yi yana taruwa a kanta. Ba ta kuma kare waya daga lodin da ya wuce kima, dole a haɗa ta da ƙananan bireka. Wata birekar da ake kira RCBO ta haɗa ayyukan biyu, wato kariya daga yoyo da kariya daga lodi, kowane layi da tasa, kuma ita nake fifitawa duk da tsadarta, ko da a layin hita da injin tura ruwa da soket ɗin waje kaɗai za a fara sa ta, domin layin da ya katse shi ke nuna inda matsalar take.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne shawarar sayen mai 100mA ko 300mA, wato wadda sai yoyo ya yi yawa take katsewa, don kawai ta daina damun mutane. Waɗannan an yi su ne don rage haɗarin gobara, mai 30mA ce ke tsare ran mutum. Gidan da ke da inbata ko injin wanki na zamani ya nemi na'urar kariya nau'in A maimakon nau'in AC (alamomin da ke nuna irin yoyon da take iya ganowa), kuma bayan an ɗaura a danna maɓallin gwajin da ke jikinta a gaban mai gyaran, idan ba ta katse ba a mayar wa mai shago.